Jakar Inna a Bayan Ƙofa

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya maigida da yara? Ya ƙafar taki? Mu a Makka lafiya lau.

Hutun nan mun haɗu da abokai mun kama hayar tsohon gida da aka gyara a kan tudu a wani gari na bakin ruwa, yana kallon teku. Matakalan gidan sun yi yawa, sai na bar Inna a Makka wajen maƙwabta. Ko tambayarta ban yi ba, matar da ta shekara talatin tana hawan dutsen unguwarmu ta Nakkasa!

Da muka dawo na tarar da jakarta bayan ƙofa, har da sabon takalmi. Ashe ta shirya.

Wallahi na kasa haɗa ido da ita. Ki roƙar mini gafararta, ki sa ni a addu'a. Gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza