Falle na Uku

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya tarin ƙaramar? Ni dai ƙafa ce, ita ma da sauƙi. Tela maƙwabcinmu ne ke rubuta mini, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana.

Saƙonki ya iso, wai in ɗauki jaka in hau bas in taho. Auta, ba zan taho da jaka kaɗai ba. Ma'aikatan gwamnati sun shafa wa bangonmu jan fenti, sun ce ranar Litinin ta sama motar rusau za ta shigo, titi zai bi ta tsakar gidanmu. Gidan na bar musu. Amma daɓen simintin bakin ɗakin girki, wannan ba zan bari ba. Lokacin ba a haife ki ba. Ranar da na zuba shi, bai bushe ba yayanki ya rarrafa ya nufi murhu, mahaifiyarki ta fito da gudu ta taka da ƙafar dama, shi kuma ya dafa da hannu. Na yi faɗa ranar har na ƙi cin abinci. Yau su biyun ba sa duniya, ba mu da hoton ko ɗayansu. Ku kuna da takardu. Ni abin da na iya karantawa ke nan.

Na sa an yanke daɓen ta gefe huɗu, an tone ƙarƙashinsa. Kaurinsa ya kai taƙi, don ni ban taɓa ha'intar siminti ba. Bakanike ya dube shi, ya dubi a-kori-kurata, ya ce in na ɗora mata wannan, gindinta zai zauna a kan taya kafin kwanar farko. Wai a fasa shi gida huɗu. Na ce ya fara fasa kansa. Ya ce to, zai sake shokazoba, ya ƙara mata fallen sifirin, ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota, biyu kowane gefe. Na ce uku. Ya ce da uku za ta yi tsayi ta sandare. Na ce tun yana tsotson yatsa nake tuƙa motar nan. Uku za a sa, kuma a tsakar gidana, a gaban idona, kada a sauya mini ƙarfe a gareji.

Unguwa ta watse. Mai walda ya tashi, an yanke wuta. Tela har yanzu bai samu wurin zuwa ba. Ya ce kada a faɗa, na ce rubuta.

Ki gaida kowa. Nine,
Babanki.

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni yau ba zan ce miki lafiya ba.

An gama aikin jiya Alhamis. Sifirin ɗin na wata tsohuwar babbar mota ne, ƙarafan ɗaurin suka yi gajarta, sai da bakanike ya yini yana neman dogaye. Da aka sauke ta daga jak ta miƙe kamar budurwa. Na shiga na tayar don in fita in gwada ta, sai na ji ƙarar ƙarfe a sama. Kin san ƙarfen da ke tsaye a bayanta, wanda za mu rataya sarƙar ɗagawa. Shekara talatin yana wucewa ta ƙofar gidan nan da ƙyar. Yanzu ya fi ƙofar tsayi da yatsa huɗu. Motar ba ta fita, Auta. Na rufe ta a cikin gida da hannuna.

Kan ƙofar ba ya fasuwa, don shi ke riƙe da bangon ɗakin Tela, kuma yana ciki da keken ɗinkinsa. In na yanke ƙarfen, da me zan sauke daɓen a wurinki? Mun rage iskar taya, muka samu yatsa ɗaya. Bakanike ya ce nauyin daɓen zai iya ba mu biyu, ba ya rantsuwa a kan na ukun. Cire fallen da na matsa a ƙara aikin kwana biyu ne, shi kuwa gobe da jibi kwashe iyalinsa zai yi. Bai ce mini ai na faɗa ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi.

Tun safe nake zaune kusa da sawun. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da na zuba daɓen, mahaifiyarki ta ƙone a hannu wajen fizgo yaron, ni kuwa simintina nake wa kuka. Ban ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta tafi. In motar nan ba ta fita ba, a kan daɓen za su same ni ranar Litinin. Kada ki turo maigidanki, ba zai iso a kan lokaci ba, ba kuma zan bi shi ba.

Ki yi mini addu'a.
Babanki.

Autata,

Ina gaishe ku baki ɗaya, ina fata tarin ya tafi. Direban bas zai kawo miki wannan, zai riga ni isowa.

Yau da safe motar rusau na cin gidan farko, ƙasa na rawa, sai ga bakanike da sarƙa a kafaɗa, ban aika masa ba. Wani mai burodi ya ajiye tirensa ya kama mana. Muka ɗaga daɓen kaɗan kaɗan. Kusurwa ɗaya ta ɓalle, na ji kamar haƙarƙarina ne, amma ƙafar da hannun ba abin da ya taɓa su. Motar ta yi ƙasa. Na auna da yatsuna, saura ɗaya, kamar yadda bakanike ya faɗa.

Bakanike ya hau, mai burodi ya hau. Har yanzu tana gogar sama. Wani mai hular aiki cikin masu rusau ya leƙo ya ce saura gida biyu. Sai na ga Tela ya fito yana jan kekensa na ƙarfe, ya koma ya kinkimo akwatinsa. Aka ɗora. Ya cire takalmi kafin ya taka daɓen, ya zauna a gefen sawun. Na saki kuloci a hankali. Fenti kawai ta bari a jikin ƙofar.

Da muka fito titi, Tela ya fara kwance kekensa zai sauke. Na duba, ban ga inda zai kai shi ba. Na ce masa motar ta sandare da yawa, in an rage mata nauyi za ta yi ta tsalle har daɓen ya tsage. Bakanike ya kalle ni, ya ce gaskiya ne, laifin fallen nan na uku ne.

Za mu taho a hankali, kwana biyu. Ki share wuri a bakin ɗakin girkinki. Ki shimfiɗa tabarma biyu. Tela ya ajiye biro ya ce wannan kam ba zai rubuta ba. Na ce rubuta.

Sai mun iso. Nine,
Babanki.