A Mayar wa Gumsu Waƙarta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni ce mahaifiyarku, Ladi 'yar Malam Uwais, ta unguwar Umarari. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya ragu, amma hankalina garau yake, kuma babu wanda ya sa min magana a baki. Garzali, Khairunnisa, Habib, ku karanta wannan kuna zaune wuri ɗaya.

Na farko. Gida da abin da ke cikinsa, a raba yadda Allah Ya tsara. Ba ni da abin ƙarawa.

Na biyu. Gangunan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da akwatin kayan sawa, a ba Yoila. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda muka kafa ta. A filin makarantar firamare muka fara, babu lasifika, da Bahaushe da Babarbare da Shuwa da Babur, muna yin wasa kan abin da ke ci wa unguwa tuwo a ƙwarya. Akwai ranar da muka yi na miji mai dukan matarsa, wani mahauci ya tashi cikin 'yan kallo ya fice kansa a ƙasa. Bayan kwana biyu matarsa ta kawo min nama. Amfanin aikin ke nan a lokacin. Da gari ya rikice, Yoila ne ya ɓoye gangunan a ƙarƙashin gadonsa, alhali shi ma bai san ko zai kwana da rai ba.

Na uku. Kaset-kaset ɗin da ke cikin kwabata ba gado ba ne, amana ce. Muryoyin matan da rikici ya koro daga ƙauyukansu ne, na ɗauka a sansani da yardarsu. Khairunnisa, ke za ki riƙe. Duk wadda ta nemi nata, ki ba ta. Duk wanda ya zo da babbar mota yana cewa zai adana tarihi, ki nuna masa ƙofa.

Na huɗu naka ne, Garzali. Ka san Gumsu, tsohuwar nan ta cikin matan sansani da ta koma Khaddamari. Waƙar da ta rera min, sunayen mijinta da 'ya'yanta da aka kashe take jerawa, ɗaya bayan ɗaya, da sunan rijiyar garinsu. Ka ɗauki kaset ɗin ba da sanina ba, ka cire sunayen mamatan, ka zuba sunan ɗan takara, ka ɗora kiɗan kwamfuta. Ina cikin keke a bakin Kasuwar Litinin na ji ta daga motar kamfen, matasa suna rawa. Sai da na sa direba ya tsaya, na saurara. Gumsu ma ta ji. Ta zo har gida ta ce min, "Hajiya, ashe 'ya'yana sun zama abin rawa?" Ban iya ɗaga ido na dube ta ba. Ka ce min ai kowa haka yake yi, wai zamani ne. To, ni ban haifi kowa ba, kai na haifa. Ka je Khaddamari da ƙafarka, ka durƙusa, ka nemi gafararta, ka janye waƙar daga duk inda ka sa ta. Ni na yafe maka nawa. Nata ba a hannuna yake ba.

Na biyar. Masu shirya bikin al'adun nan za su zo ta'aziyya, za su ce za su sa sunana a lambar yabo. Ban yarda ba. Na halarci bikinsu sau ɗaya. An kwaso mata daga sansani, an ɗaura musu sabbin lafaya, suna rawa a rana, manyan baƙi na shan lemo a inuwa. Na ji mai ɗaukar hoto yana ce wa wata, "Mama, ɗan ƙara ɓata fuska." Da aka tashi, aka karɓe lafayan. Marubutan da na sani suna yara, masu cewa alƙalami zai gyara ƙasa, su ne suka yi layi suna wasa mai girma baƙo. Wannan ba raya al'ada ba ne, tallanta ake yi. Gara a manta da ni da a karanta sunana a wurin.

Na shida. Khairunnisa, kin kira yayanki ɓarawo a gaban matarsa. Kina da gaskiya a kan laifin, ba ki da ita a kan wurin da kika faɗa. Tun daga ranar ba ki taka gidansa ba. Ya isa haka. Ranar da zai tafi Khaddamari ki raka shi, ke ce mai jin Barbarci sosai. Habib, shirunka ba zaman lafiya ba ne, tsoro ne. Ka riƙa faɗa wa yayyenka gaskiya.

Ban hana jikokina waƙa ko rubutu ba. Ku dai koya musu su tambayi mai abu kafin su taɓa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku daga cin abinci da hawayen wani. Ku riƙa haɗuwa kowace Juma'a, ko da ranku a ɓace, ku ci a kwano ɗaya. Ku yafe min, ku sa ni a addu'a.