Na Ce wa 'Yata Ciwon Haƙori Ne

Malama, don Allah ki taimake ni, ban san wa zan tambaya ba. Ni tsohon tela ne. Tun da mai ɗakina ta rasu nake zaune ni kaɗai, daga ni sai keken ɗinki sai rediyo.

Makon nan aka ɗebi ɗan nama da allura daga furostet ɗina, wato abin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wai za a gwada ko kansa ce, wato ciwon daji. Ta dubura aka bi fa, Malama! Da wane baki zan faɗa wa 'yata? Da ta kira waya sai na ce haƙori na je cirewa, har tana tsokanata wai saura nawa a bakin.

An ba ni ƙwayoyi. Marigayiya ce mai tuna mini magani, ni kam ko na mura ba na ƙarasawa. Na sha na kwana biyu, na ji garau, na ajiye, na koma kan keke saboda masu kaya sun matsa. Yanzu ga sanyi yana kaɗa ni, jiki zafi rau, fitsari kamar barkono. Mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba ni magani, amma ban gaya masa abin da aka yi mini ba. Wallahi tsoro nake ji. In na faɗi a ɗakin nan, sai mai karɓar ɗinki ne zai gan ni.

Tela mai zaman kaɗaici

Baba tela, Allah ya jiƙan Mama, ya ba ka lafiya. Na tura maka amsar nan ta waya tun ranar da saƙonka ya shigo, na buga ta a nan ne don irinka.

Ka sauka daga keken nan, ka tafi asibiti yau. Zazzaɓi da rawar sanyi da zafin fitsari bayan wannan gwaji alama ce ta ƙwayoyin cuta, kuma suna iya shiga jini cikin hanzari. Ban ga laifin mai kemis ba, da abin da ka gaya masa ya yi aiki. Ka tafi da sauran ƙwayoyin, ka faɗa musu an yi gwajin, ka kuma faɗa musu ka tsayar da magani.

Ga masu shirin yin gwajin: a sha magani yadda likita ya ce har ya ƙare, a sha ruwa sosai, a huta da ɗaukar kaya da hawa babur na 'yan kwanaki. Ɗan jini a fitsari ko bayan gida ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya yi yawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi ya taso, sai asibiti.

Kunyarka na gane ta, tarbiyya ce. Amma ba sai ka gaya wa 'yarka ta ina aka bi ba. Ka ce mata an yi maka gwaji, jiki ya ƙi, ta zo ta kai ka. Ta riga ta binne uwa, Baba, kada ka sa ta ji labarinka a bakin maƙwabta.

Allah ya sa sakamakon ya zo da alheri. Ɗauki wayar yanzu.