Hira Hamsin Da Biyu Na Goge Da Hannuna

Malam Surajo, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni, yau kwana uku ko abinci ba ya shiga bakina.

Ni malamar firamare ce a Tiga. Kakana Malam Habu masunci ne, yana cikin waɗanda aka tasa daga garinsu lokacin da aka yi dam. Shekara biyu ina zama da shi bayan la'asar ina ɗaukar muryarsa a waya: sunayen unguwanni, inda rijiya take, wane ya haifi wane. Hira sittin da uku. Da waya ta cika na kwashe su zuwa kwamfuta. Watan jiya ya rasu.

Ɗan kawuna Mudassir, mai karatun kwamfuta a Kano, shi ya sa mini manhajar Linux a kwamfutar, ya nuna mini baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Ya ce in matse hirarrakin su zama ƙunshi ɗaya, ya turo mini wannan: tar -czf kaka.tar.gz hirarkaka. Na rubuta ina jin kaina wata injiniya. To batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, kuma ana cikin aikin aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na ga kaka.tar.gz zaune, na ce alhamdulillahi ya gama. Na kwafa a filash, na goge hirarrakin na asali da umarnin rm don in sami wuri.

Ranar Talata kawunnaina suka ce a kunna musu muryarsa ranar sadakar arba'in. Na kwance ƙunshin, guda goma sha ɗaya suka fito, sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yanke. Innalillahi! Na leƙa kwandon shara na kwamfutar, wayam. Mudassir ya ce bai ce in goge kafin in duba ba, ni kuma na ce yaushe ya taɓa gaya mini ana dubawa? Yanzu ko gaisawa ba ma yi. Kakata Kande, wadda tare suka baro garin, ban iya faɗa mata ba. Ya zan yi?

Jikar masunci, daga Tiga.

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Malam Habu. Ni ma sai da na ajiye wasiƙar na yi salati.

Da farko, kashe kwamfutar nan yanzu, kada ki ƙara ajiye ko hoto ɗaya a ciki. Umarnin rm ba ya bi ta kwandon shara, amma sau da yawa abin da aka goge yana nan a kwance har sai sabon abu ya hau kansa. Ki kai ta wurin mai dawo da fayil, tare da wayar da katinta. Ban yi miki alkawari ba, amma akwai fata. Ki kuma tambayi dangi ko kin taɓa tura wa wani hira ta waya. Goma sha ɗayan nan ki fitar da su daga filash ɗin a wata kwamfutar, ki kwafa su wuri biyu yau, ɗaya ya kwana a wani gidan.

Nan gaba, kafin ki goge komai, rubuta tar -tzf da sunan ƙunshin. Zai jero abin da ke ciki, ki ƙirga da idonki. Ba a ɗinke buhu a kai rumbu ba a leƙa cikinsa ba. Murya ma ba ta cika matsuwa ba, kwafa kawai ya ishe ki.

Batun Mudassir, ya koya miki ɗauri bai koya miki dubawa ba, wannan laifinsa ne. Ke kuma wuta ta ɗauke a gabanki kika yarda aiki ya kammala. Ku raba laifin ku gaisa, shi zai raka ki wurin mai gyara.

Ki faɗa wa kawunnanki gaskiya, ki kunna musu abin da ya tsira. Sannan ki faɗa wa Kande. Kin ce tare suka baro garin, ashe ita ma ta san inda rijiyar take. Ki ari wata wayar ki yi mata caji, gobe bayan la'asar ki shimfiɗa tabarma kusa da ita.

Allah ya dawo miki da abin da ya ɓace, ya ƙara wa Kande lafiya da nisan kwana.