Surukata Ta Ɓoye Ciwon Daji Saboda Kunyata

Zuwa ga Shugaban da ke tura ma'aikatan lafiya asibitocin ƙauyukanmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya haƙuri da mu?

Sunana Sabi'u, ni ke riƙe da asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a gundumar Ruwan Bago. Wallahi da kunya nake wannan rubutu, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ɗaya. Damina biyu da suka wuce ofishinka ya ɗauke Malama Saude, mace ɗaya tilo da muke aiki tare, aka mayar da ita cikin gari, ba a turo madadinta ba. A taronmu na wata-wata ka tambaya ko akwai matsala, ni da bakina na buga ƙirji na ce zan iya ni kaɗai, don a ce Sabi'u jarumi ne. Ka ce madalla, muka tashi. Kai ka ɗauke ta, ni na sa maka albarka.

Na biyu. A ƙauyen nan nake aure. Inna Hajara, mahaifiyar matata Rabi, gidanta bai fi taku ɗari daga asibitin ba. Ka san tsakanin suruki da suruka: kullum da safe in durƙusa a zaure, kaina a ƙasa, ta amsa gaisuwa daga bayan labule. Ko ruwa ba ta taɓa sha a gabana ba. To yaya za ta buɗe mini ƙirjinta? Ashe ta daɗe da jin ƙullutu a nononta na hagu. Sai ta riƙa aiko Rabi wai a ba ta maganin ciwon kafaɗa, ni kuwa in ƙulle farasitamol a takarda in bayar. Fiye da shekara ana haka. Ni da aka koya wa cewa ba a ba da magani sai an ga majinyaci, ban taɓa cewa ta zo in duba ta ba. Gaskiyar magana, daɗi ma nake ji da ba ta zo ba, don ni ma kunyar nake ji.

Rabi ce ta gano, ranar da ta je yi mata wanki ta ga jini da ruwa a jikin riga. Da ta matsa mata, Inna ta ce da Saude na nan da tuni ta nuna mata, amma gara ta mutu da mijin 'yarta ya ga tsiraicinta. Muka kai ta asibitin Karaye, daga can aka tura mu Kano. Likitar da ta duba ta ta ce ciwon daji ne, ya riga ya ci har hammata. Ta tambaya cikin faɗa ko garinmu babu ma'aikacin lafiya ne. Ina tsaye a gefe da katin aikina a aljihu, ban fito da shi ba.

An cire nonon, ana yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi. Yanzu Rabi ke wanke ciwon, ni ina tsaye bayan katanga ina faɗa mata yadda za ta yi. Abin da ya fi ci mini rai, Inna ta aiko a ce mini kada in sa damuwa a raina, wai ai na yi ƙoƙari, kullum ina aiko mata da magani.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Tun da labarin ya bazu, mata uku sun shigo gidana a ɓoye, da sunan aron turmi ko gaisuwa, suna roƙon Rabi ta taɓa musu ƙirji. Rabi fa ƙuli-ƙuli take soyawa, ba ta san komai a aikin lafiya ba. Ɗaya matar kawuna ce, ɗaya na girma ina ce mata Gwaggo. Rabi ta ce a jikin ɗayarsu ta ji wani abu mai tauri, ta kuma rantse mata ba za ta faɗa mini sunanta ba.

Don haka ina roƙonka, don girman Allah, ka turo mana ma'aikaciya mace. In ba ta samu ta zauna, ko ranar kasuwa kaɗai ta riƙa zuwa, ni zan ɗauko ta a babur in mayar. In kuma mutum ɗaya kawai za ka iya ajiyewa a nan, to ka ɗauke ni ka kawo mace, ka jefa ni duk inda ka ga dama, inda ba ni da surukai. Maganar da na yi a taro na janye ta, ƙarya na yi, ban iya ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyayenka mata daga irin wannan ciwo, ya ba Inna sauƙi. Ita wadda Rabi ta ɓoye mini sunanta tana nan tana jira, kuma wurina dai ba za ta zo ba.

Wassalam.

Sabi'u