Damina ta Bakwai a Gonar Baba

Rikoto, 9 ga Yuli

Ezekiel,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aiki, yaya mutanen Kanya? Wayarku ba sabis, shi ya sa na ba direba takarda.

Shekara shida ka yi kana golmo, kana nome gonar Baba don a ba ka ni. Saura damina ɗaya tak ka ajiye garma, ka ce Ubangiji ya kira ka bishara, ka roƙi abokinka Haggai ya cika maka. To, ranar Talata kububuwa ta sare shi a cikin dawarmu. An yanke ƙafar daga gwiwa. Ka zo.

Taka,
Keziah

Kanya, 20 ga Yuli

Ƙaunatacciya Keziah,

Salamar Ubangiji ta kasance da ke. Na yi kuka ƙwarai. Amma mutum tara ke jiran baftisma, ba zan bar su ba. Ki gaya wa Haggai wahalar mai bi ba ta tafiya a banza. Ranar Lahadi na yi wa'azi a kan ƙafarsa, mutum uku suka tuba. Kin ga nufin Allah ke nan.

Naki cikin Almasihu,
Ezekiel

Rikoto, 2 ga Agusta

Ezekiel,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Haggai takardarka. Ya juya fuska bango.

Kai ko kunya! Kai aka kira, shi aka yanke? Ni ke wanke masa miki safe da yamma, har warin ya daina damuna. Jiya ya tambaye ni ko an yi wa dawar maimai, wai kada aurenka ya lalace. Raina ya ɓaci da kai, ba zan ɓoye ba. Baba ya ce in ba ka zo kafin girbi ba, kada ka zo.

Ka huta lafiya,
Keziah

Kanya, 28 ga Satumba

Keziah,

Salama. An ƙara mini ƙauyuka biyu. Ki yi haƙuri zuwa Kirsimeti, Allah na gwada mu ne.

Naki,
Ezekiel

Rikoto, 30 ga Nuwamba

Malam Ezekiel,

Barka da aiki. An girbe dawa. Baba ya tambaye ni wa nake so, na faɗa masa. Asabar ta biyu bayan Kirsimeti za a ɗaura mana aure da Haggai. Shi ya nace sai kai za ka yi wa'azin ranar. Ka zo da wancan na ƙafa, muna so mu ji shi da kunnenmu.

Ka gaida masu tuba,
Keziah