Baƙar Ƙwayar Da Ke Wuce Ni

Lahadi, 9 ga Maris

Auta,

A irin wannan watan suka sallame ni daga koyarwa, suka ba wanda na koya wa riƙe alli kujerata. Har yau ban huce ba. Bar wannan dai. Ya gida, ya maigidanki? Ya ƙafar gwaggonki? Takwarana ya fara zama?

Ni lafiya lau, aikin na zaune ne. Ana zuba mana ɗanyar gahawa a tire, mu tsince marasa kyau: fasasshiya, wadda ƙwaro ya huda, da baƙa. Yawan abin da muka tsinto ne ke nuna darajar buhun. A da takardun jarrabawa nake dubawa, yanzu ƙwayoyi. Su dai ba sa kuka in na kayar da su.

Fasasshiya da hudajjiya yatsana yana gane su. Baƙar ce matsala, santsinta ɗaya da mai kyau, sai ido. Matar da ke gefena takan miƙo hannu tirena kafin mai duba aikinmu ya iso, ta cire baƙar da ta wuce ni, ta ce, "Malam, ɗalibi ɗaya ya tsere maka ta taga." Kada ki gaya wa yayanki. Zai ce in dawo, in dawo in yi me?

Hoton yaron ya iso. Kin tambaya ko ya ɗauko hancina. Na kai shi bakin taga, na juya, na shafa. Allah ya raya shi, ya yi miki albarka. Ki rubuto min kamanninsa da manyan haruffa, Auta. Idona na hagu ya tafi, na dama kuma bai ga fuskarsa ba.

Babanki